Wanda Ya Biya Haƙurin da Ake Yabona da Shi

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye muku ba, 'ya'yana. Niyyata in bi rayuwata daki-daki tun daga ƙuruciyata a Babura, sai abin da ya faru ranar sunan jikana, ɗan Kabiru, ya sa na tsallake shekaru na zo nan, don kada mutuwa ta riske ni kafin in iso wurin.

Ranar, a Kazaure, an raɗa suna an yi addu'a, ana rabon goro da dabino a ƙofar gida. Kabiru yana tsakiyar abokansa na ofis, waɗannan da ke sayen hannun jari ta waya, yana ba su labarina da ƙarfi don in ji in ji daɗi.

"Ai Baba tun kafin mutane su waye ya hango," in ji shi. "Kowa na gudun hannun jari, shi yana saye. Kowa na rububin zinare, shi yana sayarwa. Ya zauna shekara da shekaru ko gezau. Ba irin su Kawu Isyaku ba, da an ɗan matsa sai a sayar da gona."

Aka yi dariya. Kawunku Isyaku, ƙanen mahaifiyarku, yana gefen tabarma da goro a hannu. Ya sa goron a aljihu, ya ce Allah ya raya yaro, ya nemi takalmansa, ya hau babur ɗinsa ya koma Gwiwa ba tare da ya jira abinci ba. Ni kuwa ina zaune kan kujera da babbar riga, na bar maganar ta wuce. Da muka dawo gida labarin ya riga ya iso wurin mata. Na fara faɗa ina cewa Kabiru ba shi da ladabi, sai mahaifiyarku ta ce:

"Malam, yaron bai san komai ba. Wanda ya sani yana zaune a wurin."

To ga abin da na sani.

Ni karatuna bai wuce allo da 'yan shekarun firamare ba. Abin da na iya shi ne hatsi. Mahaifina ya koya mini sana'ar a kasuwar Babura, kuma darasinsa ɗaya ne: ka saya da kaka, lokacin da manomi ke turo buhuna a amalanke kowa yana son ya rabu da nasa, ka zuba a sito, ka kula da ƙwari da laima, ka toshe kunnenka, idan bazara ta yi nisa, ruwan farko ya sauka, rumbuna sun yi fayau, sai ka buɗe ƙofa. Gero, dawa, wake, riɗi, duk haka na yi da su, har mutanen Nijar sukan tsallako su nemi sitona da sunana. Na yi suna da cewa Haruna ba ya bin ayari. Wannan yabo ya shige ni fiye da kima. Na kai ga in na ga jama'a sun nufi gabas, sai in ji a raina yamma ce daidai, tun ban duba ba.

Akwai lokacin da hannun jari ya zama zancen kowa a Kazaure. Malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma, 'yan fansho, har masu sayar da shanu don su saya. Ni ina yi musu dariya, domin ban taɓa sayen abin da kowa ke saye ba. Sai kasuwar ta rushe. Mutane suka shiga sayarwa ko nawa aka taya, masu ɗan abin hannu suka koma ɓoye shi a zinare, mu na bakin iyaka wasu suka koma tara sefa, kuɗin Nijar. A wannan lokaci na kai hatsi Kazaure na biya wurin abokina Malam Tijjani, tsohon akawu a sakatariya, na same shi ya rame. Kuɗin sallamarsa ya zuba a wani kamfani na harkar kwamfuta da katin biyan kuɗi, ga shi farashin yana ta gangarawa.

"Kowa sayarwa yake yi?" na tambaye shi.

"Kowa. Mai saye ake nema ruwa a jallo."

"To ai kaka ce ta yi."

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Haruna, wannan ba gero ba ne. Gero in ya ƙi kasuwa ka kai gida a dama maka fura. Wannan in ya ƙi, sai dai ka yi fifita da takardar."

"Ku da bazara kuka saya, shi ya sa kuke kuka," na ce masa. "Ku 'yan boko kun iya lissafi, ba ku iya jira ba."

Ya yi mini gargaɗi, Allah ya jiƙansa, ya kuma maimaita. Kada wani ya ce muku an yaudare ni. Babu wanda ya yaudare ni.

Jarina a lokacin yana kwance a sito, ban so in taɓa shi kafin bazara. Sai tunanina ya tafi ga zinaren mahaifiyarku. Ku 'yan yanzu kuna ganin zinaren mace ado ne kawai. A wurin iyayenmu mata shi ne gonarsu, shi ne garkensu. Mace ba ta da sito, ba ta zuwa banki. Abin da ta samu sai ta mayar da shi ɗan kunne ko awarwaro ta rufe a kwalla, ranar da gida ya shiga matsi ta kwance ɗan ƙulli ta ba amintacce ya kai Kano. Na mahaifiyarku kuwa kakarku Inna ce ta tara shi a Gwiwa, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kiwon awaki, shekaru tana soya da tuya har hayaƙi ya ci idonta. Sarƙa ce mai kauri, da awarwaro, da 'yan kunne irin na da masu nauyi. Da za a kawo mahaifiyarku gidana Inna ta damƙa mata, a gaban Isyaku, ta ce ta riƙe musu su duka. Na san da wannan magana. Amma zinare yana ta hawa, 'yan kasuwa suna nemansa, hannun jari yana ƙasa babu mai so. Na ga ƙa'idodina guda biyu sun haɗu a rana ɗaya, sai na ji kamar ni kaɗai ke da ido a ƙasar nan.

Na same ta da hantsi tana tsintar wake a tsakar gida.

"Sa'a, aron zinarenki nake so. Kafin shuka zan dawo miki da shi har da ƙari."

Ba ta ɗago ba.

"Malam, ba nawa ba ne ni kaɗai. Inna ta ce na ranar da babu ne."

"Ina raye, wace ranar babu ce za ta same ki? Ko kin taɓa kwana da yunwa a gidan nan?"

"Ban taɓa ba."

"To?"

Kun ga yadda na yi? Na mayar da maganar ta zama in ta hana, ta ce ban iya riƙe gida ba. Mace mai kunya irin mahaifiyarku ba ta da hanyar fita daga irin wannan tambaya, kuma na san haka kafin in yi ta. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙulli a cikin tsohon kallabi, ta miƙo mini da hannu biyu.

A Kano mai zinare ya ɗora a sikeli, ya goga a dutse, ya jefa su cikin tire tare da na wasu matan da ban san ko su wa ba. Ƙarar da sarƙar ta yi a tiren nan har yau ina jin ta. Daga can na hau bene wurin dillalin hannun jari na ce a zuba mini duka a kamfanin da Malam Tijjani ke kuka da shi. Shi kansa dillalin sai da ya ce, "Alhaji, ka tabbata?" Na ce masa ya yi aikinsa ya karɓi la'adarsa. Na dawo Babura ina taƙama a majalisa. Farashi ya ƙara faɗuwa. A hatsi, in ka saya farashi ya ƙara sauka, ƙara saye kake yi, domin bazara dole ta zo. Don haka da na buɗe sito na sayar da geron shekarar, maimakon in fanso zinare kamar yadda na yi alkawari, sai na kwashe kuɗin na ƙara a kan na farko. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ko wannan kasuwa tana da bazara. Mutum dole ya ci tuwo, rumbu dole ya ƙare, shi ya sa gero ke tashi. Wa ya zame wa dole ya sayi takardata? Ruwan shuka ya sauka, ni ba zinare, ba hatsi, ba kuɗi a hannu.

A makon shuka Isyaku ya zo da sassafe, ƙafafunsa duk laka. Inna ta jima tana fama da ciwon ciki tana ɓoyewa, har ya kayar da ita. An kai ta asibiti a Kazaure, an ce ƙari ne, sai an yi mata aiki a Kano, kuma kada a ɗau lokaci. Bai zo wurina ba, wurin yayarsa ya zo, domin su biyun sun san abin da aka tanada don irin wannan rana. Ina zaure, su suna cikin gida. Can mahaifiyarku ta leƙo ta ce in shigo.

"Malam, ranar ta zo."

Na fita waje na kira dillali. Ya ce ana iya sayarwa, sai dai abin da zai fito ba zai kai rabin abin da na zuba ba. Ku karanta wannan da kyau: abin da zai fito ɗin ya isa a yi wa Inna aiki, har a sayi magani. Na lissafa a tsaye a jikin bango, na ga ya isa. Na koma ciki na ce:

"Ba yanzu ba. In na sayar yau na yi asara ta har abada. Ba a fitar da kaya a farashin kaka."

"Inna ba ta san kaka ba, Malam. Ciwo take yi."

"A ba ni 'yan makonni. Abin nan ya kai ƙasa, ba shi da wurin zuwa sai sama. Kafin nan a gwada na gargajiya, ni kuma zan nemi rance."

"Aro ka ce. Kafin shuka ka ce. Ga mutane can suna shuka."

Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ni ne na ɗaga. Na ce mata ba ta san kasuwa ba, na ce duk don ita da 'ya'yanta nake yi. Isyaku yana tsugune a bakin ƙofa yana wasa da makullin babur ɗin da ya aro. Ya miƙe ya ce wa yayarsa:

"Yaya, ba komai. Allah zai kawo mafita."

Bai dubi fuskata ba. Rancen da na ce zan nema kuwa, mutum biyu kacal na tuntuɓa, su ma a kaikaice, domin ina jin kunyar 'yan kasuwar Babura su san Haruna mai hangen nesa ba shi da na kai surukarsa asibiti. Kunyar nan ta fi mini ciwon Inna nauyi. Haka abin yake, ba zan gyara shi ba.

Mahaifin su Isyaku ya bar musu fadama a bayan Gwiwa, ƙasa baƙa mai riƙe ruwa, ana tumatir da albasa da rani, ga itatuwan mangwaro da tsohon ya dasa da hannunsa a gefen rafi. Da ita Isyaku ke ci da iyalinsa. Ita ya sayar, cikin 'yan kwanaki, ga wani ɗan kwangila na Kazaure. Wanda ya fito da gona kasuwa a makon shuka kowa ya san wuta ce ta kama shi, kuma akwai farashin da ake taya wa irin wannan mutum. Na san farashin sarai, domin duk rayuwata shi nake taya wa manoma. A shekarar kasuwa ta sami mai sayarwa cikin matsi da mai saye cikin natsuwa, kamar kullum, sai dai wannan karon mai matsin ɗan gidanmu ne, kuma ni na tura shi.

An yi wa Inna aiki, Allah ya ba ta lafiya, ta ƙara shekaru. Da ragowar kuɗin Isyaku ya sayi babur yana ɗaukar kaya da mutane tsakanin Gwiwa da Roni, da damina ya karɓi hayar 'yar gona a tudu. Mutane suka ga babur, suka ga babu fadama, suka haɗa labarinsu: yaro ya sayar da gadon ubansa ya sayi mashin. Shi bai musa ba, yayarsa ba ta musa ba, don su rufa mini asiri. Kada ku zaci sun roƙe ni in yi shiru. Ba wanda ya roƙe ni. Shirun ya yi mini daɗi ne kawai. Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta tambayi zinarenta ba. In na je gaisuwa na durƙusa daga bakin ƙofa, sai ta amsa daga bayan labule:

"Ya kasuwa, Malam Haruna? Allah ya ba da riba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga haƙurin da ake yabona da shi. 'Yan makonnin da na nema suka zama shekaru. Farashin ya faɗi har ya kwanta a inda in na sayar ba zai biya mini wahalar zuwa Kano ba. Ban riƙe don hikima ba. Na riƙe ne don babu mai saye, kuma don sayarwa tamkar in tsaya gaban mahaifiyarku ne in ce na yi kuskure. Na koma hatsi da jarin wasu, ina cin la'ada kamar sabon shiga. A majalisa ana kirana mai sayen iska. Malam Tijjani ya sayar da nasa da asara don ya ciyar da gida, ya rasu bai ga komai ba. Kuka girma, aka aurar da yayyenku. Rannan Kabiru ya tarar da takardun a cikin akwati, ya duba a wayarsa, ya fito da gudu ba hula. Kamfanin ya farfaɗo, harkar biyan kuɗi ta waya ta kama ƙasa, abin ya ninka ya sake ninkawa.

Abin da ke tafasa mini zuciya ke nan. Mutanen da suka yi mini laƙabi su ne suka fara sallama a zaurena suna neman shawara. Wai Alhaji ya ga abin da ba mu gani ba. Me na gani? Ban san abin da kamfanin nan ke yi ba ranar da na saya, ban sani ba ranar da na sayar. Da ya mutu kamar yadda wasu irinsa suka mutu, da waɗannan bakunan ne za su riƙa ba 'ya'yansu labarina don su tsorata su. Yanzu kuwa su ne ke cewa Tijjani ba shi da haƙuri, Isyaku ba shi da haƙuri. Mutum yana iya jira ne in wani yana ɗauke masa abin da jiran ke ci. Tijjani ba shi da wanda zai ɗauke masa. Ni ina da Isyaku.

Da kuɗin suka shigo na tafi Kano na sayi zinare wanda ya fi na da nauyi, na kawo wa mahaifiyarku a cikin akwatin kanti mai jan ƙyalle. Ta buɗe ta duba.

"Yana da kyau."

"Ki saka mana mu gani."

"Nawa ne, in yi yadda na so da shi?"

"Naki ne."

Washegari ta aika da shi Gwiwa, ta ce a fanso fadama. Ni da Isyaku muka je wurin mai ita. Mun tarar an kewaye ta da katanga, an haƙa rijiyar burtsatse, an ƙara itatuwa, ga ƙofar ƙarfe da maigadi. Mutumin ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Na taya, na ƙara, na sake ƙarawa. Ya yi murmushi ya ce:

"Haba Alhaji. Kai da ake ba da labarinka, kai za ka ce in sayar da abin da ke hawa?"

Da ni ne a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan. A hanyar dawowa na ce wa Isyaku to ya riƙe zinaren, ko ya bari in saya masa wata gona a wani wuri. Ya tsayar da babur a gindin wata tsamiya ya juyo.

"Yaya, ni uwata na yi wa magani. Ban ba kowa bashi ba, balle a biya ni."

Ya mayar wa yayarsa da akwatin. Yana nan a ƙasan kwalla, ba ta taɓa saka shi ba, ko ranar aurenku.

Ban rubuta wannan don in hana ku kasuwa ba. Ku saya in kowa na sayarwa, in kun ga dama. Wani lokaci daidai ne, na ci abinci da wannan ƙa'ida shekaru masu yawa. Amma Kabiru, ya zo kunnena ka fara yi wa matarka zancen 'yan kunnenta da sarƙar aurenta, wai zinare ya kai ƙarshen hawansa, wai haka Baba ya yi. To ga yadda Baba ya yi, ka karanta. Ka cire idonka daga kwallarta. In kana son ka nuna jarumtar jira, ka jira da abin da in ya ƙone kai kaɗai za ka ji zafi.

Sannan ka shirya, ranar Juma'a ni da kai za mu Gwiwa. Kai za ka durƙusa ka ba kawunka haƙuri kan abin da ka faɗa a gaban mutane. Ni kuma zan tsaya a ƙofar masallaci bayan an idar, in faɗa wa mutanen garin dalilin da ya sa aka sayar da fadamar, da bakina, tun da sauran waɗanda suka yi masa dariya suna raye.

Abu ɗaya ya rage. Duk bazara tun kuna ƙanana kawunku yakan zo da kwandon mangwaro ɗaure a bayan babur, ya ce ga na kakanku, kuna rububi kuna ɓata riguna. Kun ɗauka mai gonar ne ke barinsa ya tsinka saboda tsohon zumunci. Ni ma haka na zaɓi in ɗauka, sai ranar da muka je taya fadamar na ji maigadi yana gaishe shi yana cewa bana kwando ya ƙara kuɗi. Saye yake yi, a bakin ƙofar ƙarfe, daga itatuwan da ubansa ya dasa, don kada ku tashi ba ku san ɗanɗanonsu ba.